Ƙauyen da Ake Ɗure Lambu Cikin Kwalba

Na bar Zariya a tsakiyar watan Agusta, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya, gero ya fara fid da kai. 'Yar ƙanina ce silar tafiyar. Tana karatun kimiyyar noman kayan lambu a Jami'ar Wiskonsin da ke birnin Madison a Amurka, kuma ta daɗe tana ce mini, "Gwaggo, in za ki zo, ki daidaici ƙarshen Agusta, lokacin ne ƙasar nan take da abin nunawa." Mota ta kai ni Abuja ta hanyar Kaduna, jirgin dare ya kai mu Istanbul, daga can wani ya ɗauke mu fiye da awa 10 kafin ya dire mu a Shikago. Ma'aikatan filin jirgi ba su ja ni da nisa ba. Damuwarsu ɗaya ce, ko ina ɗauke da nama, ɗanyen ganye ko iri. An riga an gargaɗe ni kan kilishi, don haka kuka da yaji kawai na nuna musu, suka duba suka ce in wuce.

Daga filin jirgin akwai bas da ke zuwa Madison kai tsaye, tafiyar kimanin awa uku, kuɗin mota wajen dala 35. A lokacin dala ta haura naira 1,500, duk abin da na saya sai zuciyata ta juya shi zuwa naira, kaina ya sara. Hagu da dama gonakin masara ne da waken soya iya ganinka, babu ko mutum ɗaya a ciki. Masarar nan ba ta tuwo ba ce, yawancinta abincin dabbobi ne da man da ake haɗawa da fetur.

Madison gari ne da ke zaune tsakanin tafkuna biyu, Mendota da Monona. Yana da alaƙa da mu wadda ba kowa ya sani ba: a jami'ar nan Neil Skinner, Baturen da ya yi aikin ɗab'i a Zariya kuma ya rubuta ƙamus na Turanci da Hausa, ya yi shekaru yana koyar da Hausa. Ranar Asabar da sassafe muka tafi kasuwar manoma da ke ci kewaye da ginin majalisar jiha tun daga 1972. Dokarta ita ce ba ka kasa abin da ba kai ka noma ko ka sarrafa ba, don haka babu dillali, babu ɗan kamasho. A rumfunan 'yan ƙabilar Hmong, waɗanda suka yi gudun hijira daga Lawos bayan 1975, na ga alayyafo, kuɓewa, ganyen dankali da wani gauta mai ɗaci irin namu. Wata tsohuwa ta ga yadda nake karya kan kuɓewa don in gane ɗanya ce ko ta ƙosa, sai ta yi murmushi ta ƙara mini hannu guda, ba mu ji yaren juna ba. Ɗaurin alayyafo dala 3 ne. Ba a tayi, ba a ragi, farashi na rubuce jikin kwali.

Amma ba birni ne ya kawo ni ba. Wata abokiyar karatun yarinyar iyayenta manoma ne a gundumar Vernon, kudu maso yammacin jihar, su suka aiko cewa lallai a kawo musu baƙuwar nan ta ga aikin kaka. Muka kama babbar hanya mai lamba 14, ta garuruwan Spring Green da Richland Center, tafiyar awa biyu zuwa Viroqua. Tun daga rabin hanya ƙasa ta sauya. Shimfiɗaɗɗun gonaki suka ƙare, aka shiga tuddai da kwaruruka da ƙoramu masu ruwa garai-garai. Dalili kuwa, tsaunukan ƙanƙarar da suka niƙe yawancin arewacin Amurka dubban shekaru da suka wuce sun kauce wa wannan yanki, suka bar shi da tuddansa. Gonakin an yi su ɗamara-ɗamara suna zagaye tudu, layin masara, layin ciyawar shanu, layin masara. A nan kusa, a kwarin Coon Creek, aka fara aikin gwamnati na farko a Amurka na yaƙi da zaizayar ƙasa a 1933, bayan noman gangare ya kwashe ƙasar sama ya zuba a rafi. Jikokin manoman har yau ba su saki tsarin ba.

Masu masaukinmu dattawa ne, mata da miji, asalin kakanninsu daga Norwe kamar yawancin mutanen wajen Westby. Da suna kiwon shanun madara, da ƙarfi ya ja baya suka sayar da garken, suka ba maƙwabci hayar gona, suka riƙe lambu da kaji. Gidan na katako ne fari mai bene, ga jan rumbun dabbobi a gefe. Uwargidan ta tare mu tun daga bakin hanya, hannunta duk jan tumatir. Ta ji yarinyar na kirana Gwaggo, shi ke nan gidan duka suka ɗauka. Ta ba ni ɗakin 'yarta na sama, da bargon da mahaifiyarta ta ɗinka da hannu daga guntayen yadi. Abin da ya taɓa zuciyata shi ne, kafin mu iso ta sa an duba mata alƙibla, wadda daga can take arewa maso gabas, ta manna 'yar takarda a bango, ta kuma ajiye butar ban ruwan fure sabuwa fil a banɗaki. Naman alade kuwa ta fitar da shi daga girkin gidan gaba ɗaya har muka tafi, ba wanda ya roƙe ta.

Karamcinsu ba irin namu ba ne, sai mutum ya saba. A gida baƙo ba ya ɗaga tsinke, kuma sai an matsa masa sau uku kafin ya ƙara loma. Can sau ɗaya ake tayi, in ka ce ka ƙoshi an yarda ka ƙoshi. Girmamawar da ake yi wa baƙo ita ce a nuna masa inda kofuna suke, a ce gida naka ne, a kuma miƙa masa wuƙa ya sa hannu a aiki. Daren farko an dafa masara mai zaƙi wadda aka karyo ruwa na kan wuta, aka shafa mata man shanu da gishiri, ga kifin rafi soyayye, ga dankalin Turawa, ga tumatir yankakke da cuku. Masarar tana da zaƙin da ya kusa na rake, laushinta kuwa ko marar haƙori zai ci. Rana ba ta faɗi ba sai wajen bakwai da rabi da wani abu, magariba ta yi ta jan ƙafa.

Da gari ya waye ta zagaya da ni lambun. Bai fi fuloti biyu ba, amma babu taƙi ɗaya da ke zaman banza: tumatir iri-iri, ja da rawaya da wani mai duhu, tattasai, koren wake, kokwamba, kabeji, karas, kabewa, albasa an riga an tuge tana shan iska a rumbu tare da tafarnuwa. Kowane gindin tumatir an sa masa kejin waya ya hau, an shimfiɗa tattaka a ƙasa don danshi ya zauna, ciyawa kuma ta rasa hanya. Wanda ta fi ji da shi wani dogo ne mai nama da yawa, ruwa kaɗan, ana kiransa Amish Paste, irin da ta ce shekara da shekaru take cirewa da kanta. Wata doguwar kabewa koriya kuwa tana haihuwa fiye da ƙima, har maigidan ya ce a watan Agusta ne kaɗai mutanen garin ke kulle mota, don kada maƙwabci ya cika maka kujerar baya da ita.

Sai da ta lissafa mini kalandar shekara na gane dalilin wannan hanzari. Tun a Maris ko Afrilu take yafa iri cikin ɗaki, ƙarƙashin fitila, ƙanƙara na waje. Ba a dashe sai bayan tsakiyar Mayu. A ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba dare ɗaya raɓa za ta daskare, da safe tumatir da tattasai duk sun yi baƙi sun kwanta. Daga nan ƙasa ta rufe har wata shida ko fiye, sanyi kan kai awo 20 ƙasa da sifiri. Babu noman rani, babu fadama. Duk abin da lambu zai bayar cikin makonni kaɗan yake juye shi, a lokaci ɗaya. Mu a gida watan Agusta ne tumatir ke tsada, a Fabrairu da Maris ya yi araha har a rasa mai saye. Wata ne kawai ya bambanta, matsalar ɗaya ce: yalwa ta zo ta fi ƙarfin ciki, rashi ya biyo baya.

Ranar ɗurin tumatir tun bakwai na safe muka fara, mu huɗu, har da wata maƙwabciya da ta zo da kwalabenta. Kwalaben masu kauri ne, masu faɗin baki, kowace tana cin kusan lita guda. Murfinsu kashi biyu ne, faifan ƙarfe mai ɗan danƙo a gefensa, da zoben da ake murɗawa a kai. John Landis Mason ne ya yi rajistar irin wannan kwalba a 1858, murfin mai kashi biyu kuma Alexander Kerr ya fito da shi a 1915. Wasu kwalaben uwargidan sun girme ta, na kakarta ne. Faifan ne kawai ba a maimaitawa. Kowace kwalba sai ta zagaya bakinta da yatsa, in ta ji ɗan tsagu ko ƙaramin ɓalli ta ware ta gefe.

Aikina shi ne fiɗa. A tsoma tumatir cikin tafasasshen ruwa kamar minti ɗaya, a tsamo a jefa cikin ruwan sanyi, sai fatar ta saɓule da kanta. A yanke wurin hanci da duk inda ya taɓu, a daddatsa, a dafa ya tafasa. Kafin a zuba, kowace kwalba sai an sa mata cokali biyu na ruwan lemon tsami, irin na kanti wanda tsaminsa ba ya sauyawa. A zuba da zafinsa, a bar sarari kamar faɗin yatsa a sama, a zura siririn tsinke a fitar da iskar da ta maƙale, a goge baki tas, a ɗora faifai, a murɗa zobe daidai ƙarfin yatsu ba tare da an ɗaure shi tamau ba. Kwalba bakwai ke shiga babbar tukunya lokaci guda, kuma kimanin kilo 10 na tumatir ne ke cika su. Ruwa ya shanye kansu, a rufe, a fara ƙidaya daga lokacin da ya tafasa sosai. Ta saita agogo minti 50. Na tambaye ta me ya sa ba 45 ba kamar yadda na gani a saman shafin littafinta. Ta ce gidansu a kan tudu yake, ya haura mita 300 daga teku, kuma duk yadda ƙasa ta yi tudu ruwa kan tafasa da ƙarancin zafi, don haka sai an ƙara lokaci. Da wannan lissafi Kano da Zariya ma minti 50 ne, Jos kuwa 55.

Da aka tsamo su aka jera kan tawul, ta ɗaga hannu ta ce mu saurara. Can sai na ji "ƙyas", wata ma ta amsa "ƙyas". Yayin da kwalba ke hucewa, iskar da ta rage a ciki na tsukewa, ta zuƙo faifan ƙasa ya manne. Ba a taɓa su sai washegari. Wanda aka danna tsakiyarsa ya motsa bai kamu ba, sai a sa a firji a cinye cikin kwanaki. Maƙwabciyar tana ƙirga ƙarar da yatsu, fuskarta cike da murna, ita da ta yi shekara arba'in tana wannan aiki.

Washegari koren wake aka yi, a nan ne na ga fuskar uwargidan ta sauya. Ta sauko da wata tukunya mai nauyi, murfinta na kullewa, da agogon awon matsi a ka. Ta ce, "Gwaggo, wannan ba wurin ƙiyasi ba ne." Akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune cikin ƙasa ko'ina a duniya, Clostridium botulinum. Ƙwanta ba ya mutuwa a tafasar ruwa ta awo 100. In ya samu wurin da babu iska, babu tsami, ga danshi, wato cikin rufaffiyar kwalba, sai ya farfaɗo ya saki dafin da ke shanye jijiyoyi har numfashi ya tsaya, kuma sau da yawa abincin ba ya wari, ba ya sauya ɗanɗano. Tsami ne ke hana shi tashi, shi ya sa ake ƙara wa tumatir lemo, ake jiƙa kokwamba cikin ruwan khal. Amma wake, masara, karas, kuɓewa, nama da kifi ba su da tsami, dole sai tukunyar matsi wadda ke kai zafi awo 116. Ta bar tururi ya yi ta fita minti 10 kafin ta toshe, allura ta hau inda ake so, ta ja kujera ta zauna gaban murhu minti 25 ba ta ko amsa waya ba.

Ina zaune kusa da ita hankalina ya koma gida. Mata da yawa a Kano da Kaduna da Zariya sun fara wannan dabara, kuma abin a yaba ne: lokacin araha a sayi kwando, a markaɗa, a dafa, a ɗura cikin kwalaben mayonis, a tafasa. Sai dai galibi ana haɗa tumatir da tattasai da attaruhu da albasa mai yawa, wani lokaci har da tafarnuwa, a malala mai a sama, ba a sa lemo, ba a duba agogo. Duk waɗannan ƙarin suna rage tsamin da shi ne garkuwar. Abin da ke ceton mu, a ganina, shi ne miyarmu tana daɗewa a wuta, domin tafasa mai kyau ta minti 10 tana karya dafin. To amma yaron da ya lakaci ɗanye daga bakin kwalba fa? Wannan tunani ya hana ni sukuni a daren.

Na tambaye ta wa ya koya mata duk wannan. Ta ce hannun daga mahaifiyarta ne, amma lambobin daga jami'a. Ta ɗauko littafin da ma'aikatar gona ta Amurka ke bugawa kan ɗurin abinci a gida, duk ya sha miya. Kowane abinci da mintinsa, an gwada a ɗakin bincike da ma'aunin zafi a tsakiyar kwalba. Tun 1914 doka ta ɗora wa jami'o'in noma nauyin kai ilimi har ƙofar manomi, kusan kowace gunduma da ofishin malaman gona, inda mace za ta kai agogon tukunyarta a gwada mata shi. Tun kafin dokar ma, a 1910, wata malamar makaranta, Marie Cromer, ta kafa ƙungiyar 'yan mata masu noman tumatir da ɗurinsa a jihar Karolina ta Kudu, kowace yarinya da ɗan filinta, abin ya bazu jihohin kudu. Asalin fasahar kuwa ta wani Bafaranshe ce, Nicolas Appert, wanda ya wallafa ta a 1810, shekaru da dama kafin Louis Pasteur ya bayyana dalilin da ya sa take aiki.

Duk lokacin da ake maganar asarar tumatir a Najeriya, wadda masana kan ƙiyasta da kimanin kashi 40 cikin 100 na abin da aka noma, bakinmu kan tafi ga katafaren kamfani. Wanda ya taɓa tsayawa a Kwanar Gafan cikin watan Maris ya ga kwanduna jere cikin rana ana jiran motar Legas, ruwan tumatir na tsiyaya ta ƙasa, ya san zafin abin. Kamfani na da amfaninsa. Amma abin da na gani a gidan nan bai buƙaci lantarki ko firiza ba, wuta ce da tukunya da kwalba da sani tabbatacce. Masu binciken muna da su, a Samaru akwai cibiyar binciken noma da ta yaɗa ilimin gona, a Ilori akwai ta adana amfanin gona. Burina in ga ɗan littafi da Hausa, da boko da ajami, da shirin rediyo a watan Janairu, wanda zai gaya wa uwargida cokali nawa, minti nawa, da abin da ba za ta taɓa ɗurawa ba sai da tukunyar matsi. In kuma ga ana sayar da faifan murfi a Kurmi da Sabon Gari.

Ba kuma ina raina namu ba ne. Na ba ta labarin kauɗa da busasshiyar kuɓewa da barkono da kuka, ta ce da tana da rana irin tamu da iskar hunturu marar danshi, da rabin kwalaben nan ba ta saye su ba. Ita sai ta kunna na'ura dare da rana kafin ta busar da faranti biyar. A kantin Viroqua na ga ɗan ƙullin busasshen tumatir da bai cika tafin hannu biyu ba a kan dala 6. Illar kauɗarmu shanya a ƙasa ce da bakin titi, ga ƙura ga awaki. A ɗaga ta kan gado mai raga, a rufe da gidan sauro, ta zama kayan alfahari.

Ɗakin ajiyarta a ƙarƙashin gida yake, da sanyi da duhu. Kantoci daga ƙasa har sama: tumatir, wake, masara, kokwamba mai tsami, jam na 'ya'yan itatuwa, naman barewa na bara, kowace da shekararta a rubuce a murfi. Ba ta bari su wuce shekara guda ba a ci ba. A gefe ta ware guda uku mafi kyau don gasar baje kolin gunduma da ake yi a Viroqua cikin Satumba, inda alƙalai ke duba tsabtar ruwa da daidaiton sarari. Dozin na sabbin kwalabe wajen dala 14 ne, tukunyar matsi kuwa ta haura dala 100. Ta faɗa mini gaskiya cewa in aka yi wa wahalar kuɗi, gwangwanin kanti ya fi araha. Amma ta san abin da ke cikin tata, kuma 'ya'yanta na birni ba sa komawa da mota wayam.

Lambun ba nasu ba ne su kaɗai. Kowace yamma mukan zauna a baranda, maigidan yana nuna mini masu zuwa karɓar rabonsu. Barewa mai farar wutsiya takan fito daga gefen daji da 'ya'yanta biyu, ta tsaya tana kallonmu ba tsoro. Saboda ita aka ja shinge mai tsayin kusan mita biyu da rabi, ƙasa da haka tsallakewa take. Babban ɓarawon masara wata dabba ce mai suna rakun, girmanta ya ɗara na kyanwa, da baƙin zane a ido da hannuwa masu yatsu. Tana sanin daren da masara ta nuna, ta zo da danginta su ɓare kunnuwan su gutsuttsura. Wayar lantarki biyu ya ja mata ƙasa-ƙasa, wani maƙwabcin kuma rediyo yake bari a kunne cikin gona har asuba. Da dare dilolin ƙasar na kuka a kan tudu, kaji kuwa tun magariba ake kulle su. Duk wanda ya shiga ciyawa sai ya duba jikinsa saboda wata 'yar kaska da ke sa zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi.

Da safe garken talotalon daji kan ratsa fili suna tsince-tsince. Maigidan ya ce yana yaro babu ko ɗaya. Farauta da sare daji sun ƙarar da su daga jihar tun ƙarni na 19, sai a 1976 aka kamo wasu daga Mizuri aka sake su a wannan gundumar tasu, yanzu ga su ko'ina. Shi kansa mafarauci ne, amma da lasisi, kuma farautar barewa da bindiga kwana tara ne a watan Nuwamba, da adadin da aka yarje wa kowa. Na tuna zabin daji da gada da muke gani a hanyar ƙauyenmu muna yara, waɗanda jikokina ba su taɓa gani ba. Abin da mutum ya kora, ashe mutum na iya dawo da shi in an yi doka kuma an bi.

Akwai wani tsuntsu ɗan mitsitsi mai nauyin kimanin giram uku, yana tsayawa cak a iska yana zuƙar ruwan sukarin da ta rataya masa. A kwanakin yana ta cika ciki ne don tafiya kudu. Haka ma wani malam-buɗe-littafi mai ruwan lemo da baƙin zane, wanda ke barin nan ya yi tafiyar kusan kilomita 3,000 zuwa tsaunukan Meziko. Tsutsarsa ganye ɗaya take ci, uwargidan kuma ta bar masa kusurwa guda ba ta nomewa. Da na karya ganyen sai farin nono ya fito, na duba kwanson na ga auduga mai tashi. Yarinyar ta ce, "Gwaggo, ai dangin tumfafiya ne." Haka ne kuwa, gida ɗaya suke a ilimin tsirrai.

Wata safiya aka kai mu wajen Cashton, inda 'yan ɗariƙar Amish suka zauna tun 1966. Kiristoci ne da ba sa jan wutar lantarki, ba sa tuƙa mota, keken doki suke hawa, da doki suke huɗa. Matansu da dogayen riguna da rufin kai, ba sa son a ɗauke su hoto, ranar Lahadi ba saye ba sayarwa. Wata matashiya da ta sayar mana da tumatir ta dubi mayafina ta dubi nata, muka gaisa da kai. Kwalin kilo 11 dala 20, masara dozin dala 6. A wata rumfar bakin hanya babu ma kowa, sai kaya da farashi da akwatin jefa kuɗi. Na miƙa hannu zan ɗauki wani gasasshen burodi mai tuffa a ciki, uwargidan ta riƙe ni ta ce da kitsen alade suke murza fulawarsa. Da muka koma gida ta gasa mini nata da man shanu. Ni kuma na rama da miyar kuɓewa ɗanya daga lambunta da tuwon garin masara, dattijon ya ajiye cokali ya ci da hannu, ya nemi ƙari.

Komawa muka bi hanya mai lamba 33, ta Ontario da Hillsboro zuwa Baraboo, domin a nan ne cibiyar kare gauraki ta duniya take, wadda aka kafa a 1973, inda ake ajiye dukkan nau'o'in gauraka 15. Na ƙasarsu masu launin toka, waɗanda suka kusa ƙarewa a jihar a shekarun 1930, mun yi ta ganinsu bibbiyu a gonakin da aka yanke ciyawa. A cikin cibiyar kuwa na tsaya gaban gaurakanmu mai tukkun zinariya, wanda a da yake cika dausayin Haɗeja da Nguru da gaɓar tafkin Chadi, yanzu kuwa da ƙyar a gan shi a dajin Najeriya. Rabona da ganinsa tun a gidan wani basarake ina budurwa.

Uwargidan ta haɗa mana kwali guda na kwalabe, muka rarraba wa ɗaliban Afirka a Madison, domin kwalba cike da ruwa ba ta tafiya cikin jakar kilo 23. Abin da na sa a kayana shi ne kwalabe shida wayam naɗe cikin zannuwa, faifan murfi kwali goma a kan dala 4 kowanne, ƙullin garin tsamin lemo wanda rabin ƙaramin cokalinsa ke maye gurbin ruwan, da littafin nan da yarinyar ta buga mini daga intanet. Mun yi da matan unguwarmu cewa idan tumatirin rani ya sauko a Fabrairu za mu haɗa kuɗi mu sayi kwanduna, mu fara da tumatir zalla, tattasai da attaruhu kuma mu ci gaba da shanya su a kan raga.